Rigar nutso mai hana ruwa shiga a teku mai ɗumi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya nutso da rigarka mai hana ruwa shiga a teku mai ɗumin digiri 28, tunda ita kaɗai gare ka. Za ka iya, amma sai in mai fallen yadi ce, wadda ba ta da ɗumin kanta sai abin da ka sa a ciki. Ka sa 'yar shimi mai dogon hannu da siririn wando, don kada matsin ruwa ya sa yadin ya riƙa mintsinin fatarka. A zurfin mita 10 matsin ya riga ya ninka na sama. In mai kaurin roba ce, bar ta a gida ka yi hayar rigar nutso mai barin ruwa ya shiga, mai kaurin milimita 3.

Wahalar a cikin jirgi take. Na taɓa rufe zif ɗin rigata da wuri, muka yi ta jiran wani yana gyara tukunyar iskarsa, rana na dukanmu. Kafin mu faɗa ruwa gumi ya taru a safata har yana caɓal-caɓal, kaina na juyawa. Tun daga ranar ba na rufe zif ɗin sai dab da shiga ruwa, kuma ina shan ruwa sosai. Inda rigar ta biya ni shi ne lokacin da muke nutso sau 4 a yini: a kwana na uku masu siraran riguna sun fara karkarwa, don ruwa ko mai ɗumi ne yana zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba.