Ga masu neman digirin digirgir a Ingila: abin da farfesa ke dubawa kafin ya amsa wasiƙa

Ƙanenmu, saƙonka ya iso, kuma mun tattauna shi tsakaninmu, mu da ke aikin bincike a jami'o'in nan Ingila. Ka ce ku huɗu ne abokai, duk kun gama digiri na biyu a gida: ɗaya likita, ɗaya ya karanta harkar kuɗi, ɗaya tarihin siyasa, kai kuma ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa da tunani. Kun yi ta aika wa farfesoshi wasiƙu kuna neman gurbin digirin digirgir, shiru kake ji. Kana tambaya ko don kun fito daga Najeriya ne, ko kuwa akwai wata ƙofa da ba ku sani ba.

Galibi ba asalin mutum ke hana a amsa masa ba. Digirin digirgir a nan ba zaman aji ba ne, shekara uku ne zuwa huɗu na bincike ɗaya, a ƙarshe ka rubuta kundi mai kalmomi wajen dubu 80 ka kāre shi a gaban masu jarrabawa biyu. A jami'o'i da yawa, ƙarshen shekarar farko akwai tantancewa, wanda bai gamsar ba a nan tafiyarsa ke iya tsayawa. Don haka farfesan da ya buɗe wasiƙarka abu uku yake nema: mene ne tambayarka, ina bayanan da za su amsa ta suke, kuma za ka iya kai hannu gare su cikin lokacin da ake da shi? Wasiƙar da ta ce "ina sha'awar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa a Afirka" ba ta amsa ko ɗaya ba. Ku ɗin nan kuna da abin da ɗalibin Landan ba shi da shi, wato harshe da sanin mutane da wuri. Amma sai kun nuna kun san shingen da ke gaban kowane fanni.

Bari mu fara da naka, tunda kai ka rubuto. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko takardar gwajin da aka tsara a Amurka, a ba wani malamin makaranta ya mayar da ita Hausa cikin dare ɗaya, a shiga unguwa da ita. Ɗauki PHQ-9, ma'aunin ciwon damuwa. Tambayoyi tara ne kan makonni biyun da suka wuce, kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27, kuma an saba ɗaukar maki 10 a matsayin iyakar da za a fara zargin ciwon. Wannan 10 ɗin ba a Funtuwa aka samo ta ba. Kafin ka yi amfani da ita sai ka nuna tana aiki a kan Bahaushe. Hanyar da aka sani ita ce mutum biyu su fassara zuwa Hausa kowa daban, kwamitin masana ya haɗa fassarar ta zama ɗaya, wani na uku da bai taɓa ganin ta asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwama. Daga nan sai ka zauna da mutum goma zuwa ashirin, maza da mata, masu boko da marasa boko, ka karanta musu kowace tambaya ka ce su faɗa maka da bakinsu abin da suka fahimta. A nan ake kama ɓarna. Kalmar damuwa a bakinmu tana ɗaukar baƙin ciki da fargaba da tunanin bashin da ake bin mutum, alhali masu gwajin sun raba su. In ka tambayi dattijuwa ko tana jin ba ta da wani amfani, tana iya cewa "alhamdu lillahi" ta yi shiru, kai kuma ka rubuta sifili, ba ka san kunya da tawakkali ne suka amsa maka ba.

Bayan wannan sai gwaji a kan jama'a da yawa, aƙalla mutum goma ga kowace tambaya bisa ƙa'idar da aka saba, gara ma ya haura ɗari biyu. Ka lissafa daidaiton tambayoyin da juna, inda ake son ma'aunin Kuronbak ya kai 0.7, ka maimaita wa wasu bayan mako biyu, sannan likitan ƙwaƙwalwa ya duba wani kaso nasu ba tare da ya ga makinsu ba, don a gano iyakar da ta dace da mutanenmu. Wannan kaɗai ya isa rabin kundi. Tambaya ta tara kuwa kan tunanin kashe kai take. Ba kwamitin da zai bar ka ka yi ta sai ka rubuta inda za ka tura wanda ya amsa e, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kaduna ne, ko Kware, ko Dawanau, da wanda zai raka shi.

Gwajin kaifin ƙwaƙwalwa ya fi wannan tarko. MoCA maki 30 ne, ana ɗaukar ƙasa da 26 alamar matsala, kuma a ciki ana sa mutum ya zana agogo har da hannayen agogon. Manomin da bai taɓa riƙe biro ba zai faɗi, alhali yana riƙe da lissafin buhunan shekara uku a ka, ya kuma haddace izu sittin. In ka fitar da sakamakon cewa rabin tsofaffin ƙauye sun samu ruɗewar tsufa, ka zalunce su, kuma masu jarrabawa za su gane. Ka kuma duba haƙƙin mallaka tun da wuri: PHQ-9 kyauta ne, amma wasu gwaje-gwajen irin GHQ da WAIS sai da lasisi, kuma fassara su ma sai da izini.

Abokinka likita ya fara sanin cewa digirin digirgir ba ya ba shi damar taɓa majinyaci a nan. Wannan sai da rajistar GMC, hukumar likitocin Birtaniya, hanyarta daban. In bincikensa a gida zai yi shi, izini biyu yake buƙata: na kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arsa a nan, da na gida, wato kwamitin asibitin koyarwa ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, waɗanda ke ƙarƙashin kulawar NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Gwajin magani kuma sai da NAFDAC, sai an yi masa rajista a kundi irin PACTR, na gwaje-gwajen magani a Afirka, kafin a ɗauki mutum na farko. Jini ko wani samfur ba ya fita ƙasar sai da yarjejeniya rubutacciya tsakanin cibiyoyin biyu. Ya ware wa waɗannan wata shida zuwa tara. Duk bayanin da aka tattara kafin takardar izini ta fito zubarwa ake yi, ko da ya ci miliyoyi.

Kada ya ɗauki wannan a matsayin wahalar ofis kawai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin binciken da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, shari'a ta ja har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da aka ambata lokacin ƙin rigakafin shan inna a 2003. Mutanen da zai ce su miƙo hannu a ɗebi jini ba su manta ba. Daftarin binciken da ya nuna takardar amincewa da Hausa, da boko da ajami, wadda za a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida kafin ya dangwala yatsa, da tsarin zama da mai unguwa da limami, da yadda matar aure za ta amince don kanta ko da an sanar da maigida, wannan daftarin farfesa zai karanta shi har ƙarshe. Sai batun adadi. Kusan kowane kundi daga gida, mutum 384 yake rubutawa a matsayin waɗanda za a bincika. Wannan lissafin na zaɓen mutane ɗaiɗai ne kamar ta ƙuri'a. In unguwa-unguwa ko asibiti-asibiti za ka ɗiba, yawanci sai ka ninka biyu, ka ƙara kashi goma don waɗanda za su ƙi, ka ga an doshi 850. Kuɗin aikin ma ya ninka ke nan.

Mai harkar kuɗi nasa gajere ne, amma da tsauri. Sashen kuɗi a nan lissafi ne zalla, za a tambaye shi ko ya iya manhajar lissafi ta Stata ko R, kuma wasu jami'o'in sai ya yi shekarar share fage. Bayanai suna nan: na Babban Banki, na Hukumar Ƙididdiga, na kasuwar hannun jari ta NGX, binciken EFInA kan masu amfani da banki, da binciken gidaje da ake yi tare da Bankin Duniya tun 2010. Inda ake faɗuwa shi ne a jera alƙaluman shekara talatin kamar ma'auni ɗaya aka yi su da shi. A 2005 bankuna sun koma 25 daga 89. A 2014 an sauya shekarar ma'aunin tattalin arziki daga 1990 zuwa 2010, girmansa a takarda ya kusa ninkawa. A Yunin 2023 an saki naira. A farkon 2025 an sabunta ma'aunin hauhawar farashi, ya sauko daga kashi 34.8 zuwa kusan 24.5 ba tare da kayan masarufi sun sauko ba. Wanda ya ambaci waɗannan a daftarinsa, ya ce ga yadda zai bi da su, ya wuce sa'o'insa. In ya zaɓi bankin da ba ruwa, ya tuna Jaiz a 2012 ya fara aiki, shekarun ba su da yawa ga wasu nau'o'in lissafi.

Mai tarihi shi ne ya fi kowa dalilin zuwa, don takardun Turawan mulki suna ma'adanar Kew da ke Landan. Jerin takardu mai lamba CO 446 na Arewa ne kafin haɗewar 1914, CO 583 na Najeriya bayan haka, sai FCO 141, takardun da aka kwashe daga ƙasashen da aka mulka aka ɓoye, ba a fara sakinsu ba sai 2012. Katin shiga kyauta ne, kuma ana barin mutum ya ɗauki hoton takardu da wayarsa. Jerin abin da ke ciki yana intanet, saboda haka tun daga gida ya nemo lambobin fayil biyar ko shida ya sa a daftari. Amma Kew muryar gwamna da razdan ce. Labarin Satiru na 1906 a can, labari ne daga bakin waɗanda suka rushe garin. Ɗaya ɓangaren yana ma'adanar Kaduna, da Arewa House, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Mai karanta ajami da Larabci ya faɗi haka a layin farko na wasiƙarsa. In Damagaram ko Maraɗi yake so, sai Faransanci da ma'adanar Ekis-an-Furobans a Faransa da ta Dakar. Kuma ya taƙaita: tarihin NEPU gaba ɗaya ba zai ɗauku ba, amma yadda kotunan alƙalai suka yi da 'yan NEPU a lardin Kano daga 1950 zuwa 1960 tambaya ce. Ya gaggauta hira da dattawa, don wanda yake ɗan shekara ashirin a 1955 yanzu yana wajen casa'in. Hirar ma sai da izinin kwamiti.

Akwai wani shinge da ya shafe ku duka, ba kasafai ake faɗarsa ba. Gwamnatin Birtaniya tana gargaɗin kada a je sassa da dama na Arewa, irin su Borno, Yobe da Zamfara, kuma inshorar jami'a da wannan gargaɗin take aiki. Ana iya hana ka zuwa aikin fili a garin da aka haife ka. Kowannenku ya rubuta hanya ta biyu: wata jihar, ko mataimaka a gida da zai horar, ko bayanan da aka riga aka tattara.

Kuɗi kuwa, gurbi daban, tallafi daban. Chevening na digiri na biyu ne kawai, kada ku ɓata lokaci a kansa. Akwai tallafin Commonwealth, wanda ake bi ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, da na UKRI, hukumar tallafin bincike ta Birtaniya, da ke ba baƙi har kashi 30 na gurabensa, alawus ɗinsa na shekarar 2025/26 fam 20,780, sai na jami'o'in kansu. Ba mu ba kowa shawarar ya sayar da gida ya zo da kuɗin shekara ɗaya yana fatan aiki ya cike sauran, domin awa 20 kawai biza ta yarda a yi a mako. A farkon 2025, kafin a ba da biza, ana neman a ga fam 1,136 na kowane wata har wata tara ga mai zama wajen Landan, 1,483 ga na Landan, kuɗin su kwana 28 a asusu ba su ragu ba, kuma adadin yana ƙaruwa, ku duba sabo. Ga kuɗin lafiya fam 776 kowace shekara, ga gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Tun Janairun 2024 an hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, amma masu digirin bincike irinku an bar su.

Yawancin tallafin ana rufe shi tsakanin Disamba da Janairu ga mai son farawa a Oktoba, don haka wasiƙa ta tafi tun Satumba. Kowa ya zaɓi tambaya ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa. Ya nemo malamai biyar da suka wallafa aiki kusa da ita a shekarun nan, ya karanta aƙalla maƙala biyu ta kowanne. Wasiƙar kada ta wuce layi goma sha biyar: ga tambayata, ga inda ta haɗu da aikinka, ga bayanan da inda suke, ga tallafin da zan nema. Ya liƙa daftari mai shafi biyu da takardar tarihin karatunsa. In mako biyu ya wuce shiru, ya tuna masa sau ɗaya, sannan ya wuce ga na gaba. Ku turo mana daftarin naku kafin ku aika, kowa za mu haɗa shi da na fanninsa ya duba masa.