Gangunan Bahia da bayin da aka kwashe

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kiɗa da rawa za su iya riƙe tarihin bayin da aka kwashe daga Afirka. Suna riƙewa kuwa. Dubi birnin Salvador na jihar Bahia a Brazil. A Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi da ake kira Male suka yi tawaye, yawancinsu Yarbawa, da Hausawa a ciki. Aka murƙushe su, aka tarar da layu da rubutun Larabci a jikin mamatan. A 1979 mutanen unguwar Itapuã suka kafa ƙungiyar kiɗa, Malê Debalê, don sunan ya ci gaba. Duk shekara suna cika titi da ganguna a bikin Carnaval, wato babban bikin kiɗa da rawa na garin, yaro tun yana goye yake jin sunan. Wallahi abin yana taɓa ni, jininmu ne a can.