Ya tsaga harshensa, ya tuba: shin sai ya ɗinke kafin sallarsa ta yiwu?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni haifaffen Makka ne, iyayena Kanawa, muna zaune a Hindawiyya. Na tafi karatu Turai, na faɗa cikin wasu abokai, aka yi mini zanen allura a kafaɗar dama da damtse, na huda kunne na yi ta buɗa hudar har yatsa yana shiga, daga ƙarshe aka tsaga mini harshe gida biyu. Yanzu na dawo, na yi nadama, na kama salla. Sai wani dattijo a masallacinmu ya ce sallata ba ta yiwuwa sai na goge zanen na ɗinke harshen, kuma la'ana tana bina. Yaran unguwa Damo suke kirana. Wasu haruffa, musamman sinun da zayun, da iska suke fita. Dole ne sai an yi mini aiki? Zan iya yi wa ƙannena limanci? Ina neman aure, sai na faɗa? Kuma Malam, ba don gardama ba: kawuna yana da tsage a kumatu, Hajiyarmu tana da haƙorin Makka, ba wanda ya ce musu uffan. Mene ne bambancin?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, abin da ka yi haramun ne, ba zan sassauta maka wannan ba. Allah ya ba mu labarin alwashin da Shaiɗan ya ɗauka a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 119, cewa zai umarci mutane su canja halittar Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud la'anar masu yin jarfa da masu neman a yi musu, da masu tsige gira, da masu goge haƙora don fitar da wushirya saboda ado. To idan 'yar gogar da ake yi wa haƙori ta shiga wannan hadisi, ina ga ɗaukar wuƙa a raba harshe? Harshe ba ƙaramar gaɓa ba ce a shari'a. A wasiƙar diyya da Annabi (SAW) ya rubuta wa Amru ɗan Hazm, wanda ya yanke harshen wani diyya cikakkiya ce a kansa, daidai da diyyar rai. Jikin nan ajiya ne a hannunka, yardarka ba ta halatta wa wani ya ɓata shi.

Ga kuma cutarwa, wadda ita kaɗai ta isa dalili. Harshe tsoka ce mai yawan jijiyoyin jini. Tsaga shi na iya jawo zubar jini mai wuyar tsayarwa, ko kumburin da zai toshe numfashi, ko mutuwar jijiyar ɗanɗano. Ko a can Ingila, inda ba ruwansu da halal da haram, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2018 cewa yardar wanda aka tsaga wa harshe ba ta kare mai tsagawar daga laifi.

Wannan hukuncin aikin ke nan ranar da aka yi shi. Amma kai ba tambaya kake ko ka je ka yi ba. An riga an yi, ka tuba, tabo ya rage. A nan ne dattijon naku, Allah ya saka masa a kan kishinsa, ya cakuɗa abu biyu.

Zunubi aiki ne, tabo kuwa gurbin aiki ne. Sharuɗɗan tuba sanannu ne: barin laifin, nadama, ƙudurta ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi idan na wani ne. Babu malamin da ya ce tubar wanda ya ji wa kansa ciwo ba ta karɓuwa sai fatarsa ta koma sumul. La'anar da ke cikin hadisin tana kan masu wannan siffa a dunƙule, ba a ɗauko ta a liƙa wa wane ɗan wane, balle wanda ya dawo. Allah ya ce a Suratuz Zumar, aya ta 53, kada waɗanda suka yi ɓarna a kan kawunansu su ɗebe tsammani daga rahamarsa, yana gafarta zunubai gaba ɗaya. Ba a togace mai tsagaggen harshe ba.

Sai dai maganar dattijon tana da tushe a wani ɓangare, kada ka raina shi. Malaman Shafi'iyya, irin su Imam Nawawi, suna ganin wurin jarfa najasa ne saboda jinin da ya cakuɗu da shuni ya daskare, don haka suka ce a gusar idan zai yiwu. Amma su ɗin ma sun ce idan gusarwar za ta jawo asarar gaɓa, ko mummunan tabo a wurin da ake gani, ba ta wajaba ba, tuba ta isa. Mu kuwa a Malikiyya, Shehu Nafrawi mai sharhin Risala ya faɗa a sarari cewa ba a ɗora wa mai jarfa ya ƙone ta da wuta, tana cikin abin da aka yi rangwame a kai, kuma salla da ita ta inganta. Da wannan nake ba ka fatawa. Alwalarka da wankanka ma lafiya lau, domin tawadar tana ƙarƙashin fata ne, ba ta tare ruwa kamar fenti ko jan farce. Sallolin da ka yi tun dawowarka ba ramuwa a kanka.

Yau akwai gogewa da hasken leza, wadda ba a san ta ba a zamaninsu. Idan kana da hali kuma likitan fata ya ce ba za ta ɓata ka ba, ka yi, ya fi. Amma ka sani ba zama ɗaya ba ne, akan yi ta komawa da tazarar makonni, baƙar tawada ta fi saurin fita a kan kore da rawaya, kuma irin fatarmu takan bar dabbare-dabbare, wani wuri ya yi fari wani ya ƙara duhu. Ba na umartarka ka ci bashi saboda wannan. Wanda zan matsa maka a kai shi ne zanen da ke ɗauke da gicciye, ko kalmar kafirci, ko hoton batsa: wannan ka fara da shi, kafin nan kuma ka rufe shi. Idan ka ɗaura harami, ka lulluɓe kafaɗun duka biyu. Fitar da kafaɗar dama a ɗawafi sunna ce a wajen wasu mazhabobi, Imamu Malik bai ɗauke ta sunna ba, kuma babu fidiya a kan wanda ya bari.

Kunne kuwa, cire abin da ke ciki yau ɗin nan. Ƙaramar huda takan tsuke da kanta, babba sai ɗinki, kuma ɗinkin halal ne.

Yanzu harshen, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mayar da gaɓa yadda Allah ya halicce ta magani ne, ba canja halitta ba. Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. A kan irin wannan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, mai mazauni a Jidda, ta gina matsayarta a zamanta na Maleshiya a 2007: tiyatar gyara aibi da dawo da aikin gaɓa ta halatta, ta sauya lafiyayyar halitta don son zuciya ta haramta. Saboda haka ɗinke harshenka halal ne. Ko wajibi ne? Wannan ya rataya a kan abu biyu, kuma ni ba zan iya auna ko ɗaya daga nesa ba.

Na farko, ka je wajen likitan tiyatar baki da muƙamuƙi, ba wanzami ba, ba kuma irin shagon da aka tsaga ka ba. Ɗinkin ba haɗa gefe biyu kawai ba ne. Sai an fere fatar da ta warke a cikin tsagar sannan a haɗa, kuma yana iya barin tabo ko ya rage motsin kan harshe. Idan ya ce cutar da ake tsoro ta fi amfanin, ka bar shi, ba a gusar da cuta da cutar da ta kai ta ko ta fi ta.

Na biyu, ka zauna gaban mai tajwidi, ga su nan birjik a Harami, ka karanta masa Fatiha. Haruffa 18 ne suke fita daga harshe, kuma da yawansu daga kansa ne, daidai inda aka tsaga: sinun da sadun da zayun, ta'un da dalun, zalun mai fitar da harshe da 'yan'uwanta, ra'un da nunun. Idan ya ji harafin yana fita, illa 'yar iska da ke biye da shi, wannan ba komai ba ne, kuma yakan ragu da yawan maimaitawa. Idan kuwa wani harafi yana rikiɗa ya koma wani, har "nasta'in" ko "mustaƙim" su sauya, kuma likita ya ce gyaran ba shi da haɗari, kana kuma da kuɗinsa, to a ganina ka yi, domin Fatiha rukuni ce. Kafin nan sallarka kai kaɗai ta inganta a kowane hali, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya.

Limanci kuma, Shehu Halil ya ambaci halaccin bin mai lauje a harshe, wato wanda wani harafi ke gagararsa. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tsananta idan yana musanya harafi a Fatiha, sun ce kada ya ja wanda ya fi shi iya karatu. Ka ja ƙannenka a gida idan ka fi su karatu. A masallacin unguwa, inda akwai mahaddata, ka tsaya a sahu.

Batun kawunka, ba shi ya kai kansa wajen wanzami ba. Yana jariri aka yi masa, alƙalami kuwa an ɗauke shi daga yaro har ya balaga. Tsagen fuska, bille ne ko kalangu, shi ma bai halatta ba. Muslim ya ruwaito hani ga yin lalas a fuska, har Annabi (SAW) ya la'anci wanda ya yi wa jaki. Iyayenmu sun yi don shaidar dangi cikin rashin sani, muna roƙa musu gafara, mu kuma ba ma yi wa 'ya'yanmu. Haƙorin Hajiya kuwa, zinariya halal ce ga mata. Abin da ba na so shi ne a fere lafiyayyen haƙori don a kwafa masa, kamar yadda ake yi wa alhazanmu ana gobe za su hau jirgi. Namiji kam ba ya sa na zinariya don ado, sai don lalura.

Ka goge hotuna da bidiyon da ka sa a TikTok ko Instagram kana wasa da harshen. Annabi (SAW) ya ce dukkan al'ummarsa ana yafe musu ban da masu bayyana saɓo. Kada kuma yara su taru ka riƙa nuna musu don dariya. Su kuma masu kiran ka Damo, iyayensu su karanta musu aya ta 11 a Hujurat a kan jifa da laƙabi. Lokacin da sahabbai suka yi wa wani mashayi baƙar addu'a bayan an yi masa haddi, Annabi (SAW) ce musu ya yi kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Ka kai wa dattijon wannan amsa cikin ladabi, kai da shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba.

Aure: tsagaggen harshe ba ya cikin aibobin da Malikiyya suka lissafa masu ba da zaɓin warware aure, irin hauka da kuturta da albaras. Amma Ibnul Ƙayyim yana ganin duk aibin da zai sa ɗaya ya ƙyamaci ɗaya yana ba da zaɓi, kuma wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ka faɗa wa yarinyar da waliyyinta abin da ke jikinka kafin a sa rana, da bakinka, kada su ji a bakin 'yan unguwa. Sauran abin da ya faru a Turai, wanda Allah ya rufa maka asiri a kai, ba ka da izinin tona shi. Kuma tunda allura da aska sun ratsa jikinka a wuraren da ba ka san tsabtarsu ba, ka yi gwajin jini. Hukumar Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasa gwajin kafin aure tun 2004, a 2008 ta ƙara da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Ko takardunka ba su tilasta maka ba, ka yi, ka nuna wa waliyyin sakamakon.

Allah ne mafi sani.