Idan Maƙwabci Ya Tsayar da Haƙan Harsashi

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi da aikin katangar da na tura ka, inda ka ja igiya kuka fara haƙa, sai maƙwabci ya fito ya ce igiyar ta shiga filinsa da kusan ƙafa ɗaya, mai aikin kuma ya ce ka rabu da shi ka ci gaba. Ka ajiye diga da shebur, ka sallami leburori, ka bar turaku da igiya a inda suke don kowa ya ga abin da ake jayayya a kansa. Magini ba ya yanke hukuncin iyaka, kuma idan kotu ta sa aka rushe katangar, mai aiki zai yi asarar bulo da siminti, amma sunan da za a riƙa ambata a unguwa naka ne. Ga kuma abin da ya fi asara nauyi, domin ya tabbata a hadisi cewa wanda ya zalunci wani da taki ɗaya na ƙasa za a rataya masa ita har ƙassai bakwai, kuma ban ga yadda hannun da ya aza bulon zai fita daga alhaki ba.

Daga nan sai a nemi kowa ya kawo takardarsa. A Najeriya, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamna ne ke ba da takardar mallaka a filayen birni, kuma irin wannan fili yana da taswirar safiyo mai nuna tsawon kowane gefe da lambobin duwatsun simintin da aka binne a kusurwoyi. Idan haka filin yake, a kira safiyo mai rajista ya tono duwatsun, kai kuwa kada ka taɓa ko ɗaya, ko da ka ga ya karkace. Idan kuwa awon igiya ne, wanda shi muka fi haɗuwa da shi a sababbin unguwanni, to, takardar ciniki ce kawai madogara, sai a gayyato mai unguwa da wanda ya yanka filayen da shaidun da suka sa hannu. A auna layin gaba ɗaya tun daga fegin farko, domin sau da yawa wanda ya fara gini a bakin layi ne ya ɗan zarce, kowa ya matsa wa na kusa da shi, har giɓin ya faɗo kan mutum biyu da ba su ci komai ba.

Ka lura da ma'aunin da aka rubuta. Mutane sun saba cewa ƙafa 50 mita 15 ce, alhali mita 15.24 ce, kuma wannan ɗan bambanci ya haura inci 9, wato faɗin bulo guda. Na ga maƙwabta sun daina gaisawa a kan abin da bai wuce wannan lissafi ba. Ka auna da tef ɗaya, a gaban su biyun, ka faɗi lambar da ƙarfi kowa ya ji.

Bayan an tsayar da iyaka, sauran amana tana hannunka, kuma a nan ne magina da yawa suke cuta ba su sani ba. Harsashi ya fi katanga faɗi. Bulo mai inci 9 mukan zuba masa kankare mai faɗin kusan inci 27. Idan ka daidaita fuskar katanga da igiyar iyaka, inci 9 na kankare sun shige ƙarƙashin filin maƙwabci, kuma ranar da ya zo haƙa nasa zai ci karo da su. Saboda haka gefen ramin ne zai bi igiya, katangar ta koma ciki. Haka nan kada indararo ya zuba a gidansa, kada a haƙa masai a gindin katangar.

Idan sun yarda su yi katangar tarayya a kan layin, abu ne mai kyau da ke rage wa kowa kuɗi, amma a rubuta wanda ya biya me, da tsayin da za a kai, da ko an yarda wani ya ɗora rufi a kanta, mai unguwa da shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, domin magadansu ba su halarci zaman ba. Idan sulhu ya gagara, maganar ta wuce gaban dagaci ko hakimi, ko ma'aikatar filaye, ko kotu, mu kuma sai mu kwashe kayan aikinmu mu jira.

Mai aikin zai yi fushi, wataƙila ya ce zai kawo wani magini. Ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ka ce masa ni na hana, kuma gobe bayan sallar la'asar zan zo da tef mu zauna da shi da maƙwabcin a gaban mai unguwa.