Wai da gaske Tom da Jerry sun kashe kansu a kashi na ƙarshe?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Na ga ana ta yawo da wani hoto a Facebook, Tom da Jerry zaune kan layin dogo sun yi jugum, wai a kashi na ƙarshe kashe kansu suka yi. Yarana kullum shi suke kallo, ƙaramin shekararsa huɗu. Da gaske ne? Kuma in katun ɗin yara ne me ya kawo irin wannan a ciki? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Hoton nan ba haɗi ba ne, akwai shi, amma maganar kashi na ƙarshe ƙarya ce. Sunan fim ɗin Blue Cat Blues, ya fito 1956. Tom ne ya faɗa son wata farar kyanwa, sai baƙin muzurun nan Butch mai kuɗi ya shigo, Tom ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayo zobe wanda sai an sa gilashin ƙara girma ake ganin dutsensa, ya ci bashi ya sayo wata akwalar mota, duk a banza ta bi mai kuɗi. Jerry yana ta tausaya masa yana ganin shi tasa budurwar ba za ta yi haka ba, sai ga ta ta wuce a mota da angonta. Shi ne ya je ya zauna gefen Tom kan dogo, aka ji kukan jirgi, fim ya ƙare. Ba a nuna jirgi ya taka kowa ba. Kuma bayansa mutanen da suka yi shi sun ci gaba da fitar da wasu har 1958, na ƙarshensu Tot Watchers ne, inda Tom da Jerry suke ta bin wani jariri mai rarrafe saboda mai renon ta maƙale a waya.

Toh me ya kawo labarin soyayya da bashi a katun ɗin yara? Nan ne mutane da yawa ba su sani ba, asali ba don yara aka yi shi ba, ba kuma don talabijin ba. A Amurka ta lokacin in ka sayi tikitin silima kafin babban fim sai a fara saka labarai da ɗan katun na kamar minti bakwai, kuma zauren cike yake da manya. William Hanna da Joseph Barbera ma'aikata ne a sashen zane na kamfanin finafinai na MGM, suka fitar da Puss Gets the Boot, katun ɗin farko na magen da ɓeran, a Fabrairun 1940. A ciki sunan magen Jasper, tana tafiya da ƙafa huɗu kamar magen gida ta gaske, gashi buzu-buzu. Ko sunayen Hanna da Barbera ba a rubuta a fim ɗin ba, na Rudolf Ising aka sa. Da fim ɗin ya shiga takarar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, sai aka ce su ci gaba, aka yi gasar raɗa suna a ofis, wani mai zane John Carr ya ci dala 50 da sunan Tom da Jerry.

Guda 114 suka yi daga 1940 zuwa 1958, bakwai suka ci Oscar. Ni a ganina waɗannan su ne Tom da Jerry, sauran duk kwaikwayo ne. Ki nemi The Cat Concerto ki kalla ki ga, Tom yana kaɗa fiyano Jerry yana cikin fiyanon yana masa ɓarna, kowane yatsa a kan sautinsa yake sauka, kuma da hannu aka zana hoto bayan hoto, silima kuwa hoto 24 take ci a daƙiƙa ɗaya. Kiɗan Scott Bradley ne yake yin aikin baki, shi ya sa yaro a Zariya da ba ya jin Turanci yake fahimtar komai. Ihun nan da Tom yake yi in an take masa wutsiya ma muryar Hanna ce da kansa.

Talabijin ce ta kashe kasuwar. MGM suka lura tsofaffin in an sake nuna su suna kawo kuɗi kusan kamar sabbi, suka rufe sashen a 1957. Daga baya aka ba Gene Deitch ya yi 13 a Prague, babban birnin Czechoslovakia ta lokacin, a 1961 da 1962 da kuɗi kaɗan, su ne masu wani irin sauti kamar daga cikin rijiya da mai gidan nan mai fushi da yake jibgar Tom ba dalili, gaskiya ni ba na iya kallonsu. Sai Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967.

A 1965 tashar CBS ta fara saka su da safiyar Asabar, lokacin yara, daga nan ne fa ya zama na yara, kuma daga nan almakashi ya shiga. Baƙar matar nan mai silifa da tsintsiya da ba a cika nuna fuskarta ba, wadda Lillian Randolph ta yi wa murya, an zana ta ne a salon raina baƙar fata na Amurkan wancan zamani, sai aka sake zana wasu wuraren aka mai da ita farar mace. A 1975 Hanna da Barbera suka yi sabo na talabijin zalla a tashar ABC, dokar tashar ta hana duka, sai aka mai da su abokai, aka ɗaura wa Jerry jan nakatayi don a riƙa motsa kai kawai a bar jiki yadda yake a rage kuɗin zane. Mage da ɓera suna yawo tare ba faɗa, kin ga ai miya ba gishiri. Yanzu dai Warner Bros. ke da su, ta hanyar Ted Turner da ya sayi tsofaffin finafinan MGM a 1986.

Game da ɗan shekara huɗun, ni zan tsallake masa Blue Cat Blues da na Deitch, ba abin dariya ma a cikinsu ga yaro. A tsofaffin kuma akwai shan sigari da bindiga da nakiya, don haka ki zauna kusa, ɗan wannan shekarun bai san cewa tabarya a ka ba ta warkewa a daƙiƙa biyu ba. In kina son gane wanne aka saka, duba farkon: in kin ga sunan Fred Quimby, shugaban sashen zane na MGM, ƙato a rubuce na zamanin farko ne, in kuma zakin tambarin MGM ya ɓace Tom ya fito a gurbinsa yana miyau yana huci, na Chuck Jones ne.