Kwana huɗu a Cape Town: dutsen ne zai tsara muku tafiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ke da Alhaji za ku yi kwana huɗu a Cape Town ta Afirka ta Kudu cikin Yuli, kina tambayar yadda za ku raba kwanakin. Na yi wata bakwai a can wajen wani kwas, to shawarata kada ki raba su tun daga gida.

Yuli tsakiyar hunturunsu ne, kuma nasu da ruwan sama yake zuwa, ba ƙura ba. Sai ki fita da hantsi rana tas, kafin azahar iska ta taso daga teku, yayyafi ya biyo baya, da la'asar kuma gari ya washe kamar ba a yi ba. Lema ba ta da amfani, iska ta karya min biyu. Ki nemi rigar ruwa mai hula, da suwaita a ciki wadda za ki iya cirewa.

Kullum kika idar da sallar asuba, gari na wayewa ki leƙa Table Mountain, babban dutsen da ke saman garin. In kin ga samansa fes, ku ajiye duk wani shiri ku tafi a lokacin. Tsayinsa ya haura mita 1,000, kuma motar igiyar da ke kai mutane sama tun 1929 tana tsayawa da zarar iska ta yi ƙarfi. Ni na yi sakaci da baƙona ya zo, na ce masa gobe ma rana ce. Washegari gajimare ya lulluɓe dutsen, abin da 'yan garin ke kira mayafin tebur, har ya koma Kano bai hau ba. Har yau yana min gori. Ki kuma duba, sukan rufe motar don gyara a irin wannan lokaci.

Tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 a kurkuku, shi ma haka: teku na hargitsewa sai a soke jirgin ruwan. Ku yanki tikitin rana ta farko ko ta biyu, don a samu damar sauyawa. In kina da jiri, ki ci abu kaɗan.

Ranar da gari ya ɓaci ku nufi Bo-Kaap, unguwar Musulmi mai gidaje kala-kala. Nan Masallacin Auwal yake, na farko a ƙasar, tun 1794. Limaminsa na farko, Tuan Guru, da ka ya rubuta Alƙur'ani yana tsare a wancan tsibirin. Abincin halal kuwa sai kin zaɓa. Gidan tarihi na District Six, unguwar da aka kori mazaunanta a zamanin wariyar launin fata, shi ma a cikin gini yake, kuma ba nisa.

Tsuntsayen fengwin na bakin tekun Boulders ba ruwansu da yayyafi, kowace rana za ki same su. Shiga teku dai ki manta da shi, a hunturunsu ruwan kamar ƙanƙara yake.

Ki gaida Alhaji, Allah ya kai ku lafiya.