Daga Ina Kalmar "Sayyid" Ta Samo Asali?

Tambaya: Malam, mun taso muna jin ana cewa Sayyadi ko Sidi, kuma na ɗauka laƙabin jikokin Manzon Allah (SAW) ne kaɗai, sai na ji wani malami yana cewa Larabawa sun san kalmar tun kafin Musulunci. Mene ne asalinta?

Amsa: Malamin ya faɗi gaskiya. A Larabcin dauri "sayyid" shi ne shugaban ƙabila, jam'insa kuwa "sada". Saiwar kalmar ita ce sinun, wawun da dalun, kuma malaman nahawu na Basra sun ce asalinta "saiwid" ne, sai aka mayar da wawun ya'un, aka haɗa shi da wanda ya gabace shi, kamar yadda aka yi wa "mayyit". Daga wannan saiwa ce aka sami "sawad", wato baƙi, kalmar da Larabawa ke amfani da ita ga taron jama'a, domin dandazon mutane daga nesa baƙi yake bayyana. Shi ya sa malamin lugga Ragib al-Asfahani ya fassara sayyid da mai jiɓintar lamarin jama'a mai yawa.

Abin da na fi so mai tambaya ya lura da shi shi ne, wannan matsayi ba ya tabbata da gado kawai. Dattawan ƙabila ne ke sallama shi ga wanda suka shaida da kyauta, da juriya, da haƙurin da ba ya gaggawar ramuwa, kuma shi ne mai karɓar baƙi, mai shiga tsakani idan an zubar da jini. Imam Bukhari ya kawo cewa Annabi (SAW) ya tambayi Banu Salima wane ne sayyid ɗinsu, suka ce Jaddu ɗan Ƙaisu ne, sai dai suna ganinsa da rowa. Sai ya tambaye su wace cuta ce ta fi rowa muni, sannan ya ce sayyid ɗinsu shi ne Amru ɗan Jamuhu. A ganina wannan ƙissa ta fi kowane ƙamus fito da ma'anar kalmar.

Alƙur'ani ya kira Annabi Yahaya (AS) da ita a aya ta 39 ta Ali Imrana, a aya ta 25 ta suratu Yusuf kuwa ta zo da ma'anar miji. Keɓe ta ga zuriyar Hasan da Husaini al'ada ce da ta kafu daga baya. Mutanen Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, kuma suka taƙaita "sayyidi" ta koma "sidi", daga nan ne ma Sifaniyawa suka sami laƙabin El Cid na mayaƙinsu da ya mutu a 1099.